Masana Na Neman Baƙin Ƙarfe Ya Karɓi Aikin Ƙarafa Masu Tsada

Manomin da ya goya tankin feshi da farkon damina yana kashe ciyawa kafin ya yi shuka, da majinyacin da ke haɗiyar ƙwayar maganin cutar nan mai karya garkuwar jiki kowace rana, ba lalle ne su san akwai abin da ya haɗa su ba. Amma a wurin masana ilmin harhaɗa sinadarai, maganin ciyawar da ake kira gilaifoset da maganin asibitin da ake kira tenofobir 'yan gida ɗaya ne. A cikin kowannensu akwai wuri guda inda aka ƙulla ƙwayar zarra ta fosfaras da ƙwayar zarra ta kabon, kuma da za a kwance wannan ƙulli, da duka biyun sun tashi daga aiki.

Dangin nan suna da yawa. A cikinsu akwai fiya-fiya da ake kashe sauro da kyankyasai da shi, da sinadaran da ake jiƙa tufafin ma'aikata da su don kada su kama wuta, da magungunan ciwon hanta da na lalacewar ƙashi. Wasu an ƙulla fosfaras da kabon kai tsaye, wasu kuma an sa iskar oksijin a tsakani.

Yin wannan ƙulli ba ƙaramin aiki ba ne. Hanyoyi biyu aka sani. Tsohuwar hanya tana da haɗari, tana kuma barin tarin shara. Sabuwar tana da tsabta, amma sai da waɗansu ƙarafa masu gogayya da zinariya wajen tsada, waɗanda kusan dukansu daga ƙasashe biyu kaɗai suke fitowa. Wannan ya sa masana a Japan da Faransa da Ingila da Amurka suka duƙufa neman hanya ta uku, watau a sa baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da 'yan'uwansu masu yawa a doron ƙasa su yi aikin.

ASALIN FOSFARAS

A cikin shekarar 1669 wani mutumin birnin Hambug na ƙasar Jamus mai suna Hennig Brand, wanda ya sa kansa neman hanyar samar da zinariya daga abubuwa marasa daraja, ya tara fitsari mai yawa, ya yi ta dafa shi har ya ƙafe, sa'an nan ya gasa abin da ya rage da wuta mai tsanani. Zinariya dai bai samu ba. Abin da ya samu wani farin abu ne mai kama da kakin zuma, mai ƙyalli a cikin duhu, aka ba shi suna fosfaras daga harshen Girka, watau mai ɗauke da haske. Bayan kimanin shekara 100 masana a ƙasar Suwidin suka gane cewa ƙasusuwa cike suke da shi, daga bisani kuma aka koma samunsa daga duwatsun fosfet.

Mafi yawan dutsen fosfet da ake haƙowa a duniya takin zamani ake yi da shi. Akan niƙa shi a jiƙa da asid irin na ruwan batir, a sami takin sufa da danginsa. Abin da ake warewa domin magunguna da sauran sinadarai bai kai kashi 5 cikin 100 ba, amma shi ne mafi wuyar sarrafawa, domin sai an raba fosfaras da dutsen tukuna. Akan zuba dutsen da tsakuwa da gawayin kwal cikin tanderun lantarki mai zafin digiri 1,500, fosfaras ya tashi kamar tururi, a tare shi a cikin ruwa. Ton guda yana cin lantarki fiye da yunit 12,000, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa a gidaje. Abin da ya fito, wanda ake kira farin fosfaras, guba ne, kuma yakan kama wuta da kansa idan ya sha iska a zafin digiri 30 ko sama da haka kaɗan, zafin da hantsin bazara ke wucewa a ƙasar nan. Shi ya sa a cikin ruwa ake ajiye shi, a cikin ruwa kuma ake safararsa.

Ƙasashe huɗu ne ke riƙe da wannan sana'a: Sin da Biyetnam da Kazakistan da Amurka. Masana'anta ta ƙarshe da ke yin sa a Tarayyar Turai, ta kamfanin Thermphos a ƙasar Holan, ta karye a 2012. A 2017 Tarayyar ta sa farin fosfaras cikin jerin kayayyakin da yankewarsu za ta iya gurgunta masana'antunta.

HANYAR KULORIN

Farin fosfaras ba ya yarda a ƙulla shi da kabon cikin sauƙi. Saboda haka masana'antu sukan fara haɗa shi da iskar kulorin, a sami wani ruwa mai hayaƙi wanda kowace ƙwayar fosfaras a cikinsa ke riƙe da ƙwayoyin kulorin uku. Daga nan sai a bi su ɗaya bayan ɗaya ana cirewa ana maye gurbinsu da abin da ake bukata. Watau an kashe kuɗi an sa kulorin, an sake kashe kuɗi an fitar da shi, sa'an nan a nemi inda za a zubar da shi.

Alal misali, akwai wani sinadari mai suna tirayifenilfosfin, wanda Bajamushen nan Georg Wittig ya gano babban amfaninsa a shekarun 1950, har aka ba shi lambar Nobel a 1979. Da shi kamfanin BASF ya gina hanyarsa ta yin bitamin A, irin wanda ake ƙara wa sukari da man girki da fulawa. Wajen yin wannan sinadari sai an ƙona ƙwayoyi shida na ƙarfen sodiyam, mai fashewa idan ya taɓa ruwa, kafin a sami ƙwaya ɗaya, kuma kowane kilo guda yakan bar sharar gishiri fiye da kilo ɗaya da kwata. Gilaifoset da tenofobir su ma ta wannan ƙofa ta kulorin fosfaras ɗinsu ke shigowa.

Har ila yau ruwan nan mai hayaƙi yana cikin kayan da yarjejeniyar duniya ta hana makamai masu guba, wadda ta fara aiki a 1997, ta sa wa ido. Dalili kuwa shi ne a 1936 wani Bajamushe, Gerhard Schrader, yana neman maganin ƙwari cikin wannan dangi ya ci karo da gubar tabun, bayan shekara biyu kuma aka sami sarin, wadda waɗansu 'yan ƙungiyar asiri suka watsa a jirgin ƙasa na birnin Tokiyo a 1995.

DILLALIN DA BA YA KARƁAR LA'ADA

Hanya ta biyu ta dogara ne ga abin da masana ke kira katalis, sunan da ya samo asali daga Berzelius na ƙasar Suwidin a 1835. Aikinsa kamar na dillali ne a kasuwa. Sinadarai biyu za su iya zama wuri ɗaya shekara da shekaru ba su haɗu ba, sai dillali ya riƙo hannun wannan ya riƙo na wancan, ya ƙulla ciniki, ya zame ya tafi ya ƙulla wani. Bambancinsa da dillalin kasuwa shi ne ba ya karɓar la'ada: yadda ya shiga haka yake fita, don haka ɗan ƙanƙane daga cikinsa yakan ƙulla ciniki dubbai.

Duk mai mota ya san irin wannan dillali ko da bai san sunansa ba. Abin nan mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansa, wanda makanikai ke yi wa laƙabi da indomi, an shafe shi ne da ƙarafan filatinam da faladiyam da rodiyam domin su mai da hayaƙi mai guba ya zama mai sauƙin lahani. Darajar waɗannan ƙarafa ce ta sa ɓarayi ke yanke shi.

Su ne kuma suka buɗe sabon babi a harkar fosfaras. Tun 1898 August Michaelis na Jamus, daga baya kuma Aleksandr Arbuzov na Rasha, suka samo hanyar ƙulla fosfaras da kabon, amma hanyar tasu ba ta cin kabon mai siffar zobe, wanda magunguna da yawa ke ɗauke da shi. A farkon shekarun 1980 Toshikazu Hirao na Jami'ar Osaka a Japan ya nuna cewa faladiyam yana yin wannan ƙulli cikin sauƙi. A 1990 Paul Pringle a Ingila ya yi amfani da filatinam ya liƙa iskar fosfin, irin wadda ƙwayoyin adana hatsi ke fitarwa a cikin buhu, kai tsaye a jikin wani sinadarin kabon. Kyawun wannan dabara ta biyu shi ne duk abin da aka zuba yana shiga cikin kayan da ake so, babu gishirin da za a zubar. Martabar faladiyam ta kai inda a 2010 aka ba mutum uku, Heck da Negishi da Suzuki, lambar Nobel saboda hanyoyin ƙulla kabon da kabon da suka gina a kansa.

INDA GIZO KE SAƘA

Faladiyam ɗin da ake haƙowa a duniya duka a shekara guda kimanin ton 200 ne, filatinam bai kai haka ba, rodiyam kuwa bai wuce ton 30 ba. Tamar baƙin ƙarfe kuma ana haƙo fiye da ton miliyan dubu biyu a shekara. Baƙin ƙarfe shi ne kimanin kashi 5 cikin 100 na ɓawon duniya, alhali kuwa sai an niƙe ton guda na dutse a mahaƙa mai albarka kafin a sami 'yan giram kaɗan na ƙarafan nan masu daraja.

Kimanin kashi 70 cikin 100 na filatinam daga Afirka ta Kudu yake fitowa, faladiyam kuwa Rasha da Afirka ta Kudu ne ke ba da kusan kashi huɗu cikin biyar. Duk abin da ya girgiza ƙasashen nan biyu sai ya girgiza kasuwa. Oza guda ta rodiyam, watau kimanin giram 31, ba ta kai dala 700 ba a tsakiyar 2016, amma a watan Maris na 2021 ta haura dala 29,000. A watan Maris na 2022, makonni kaɗan bayan Rasha ta shiga Yukiren da yaƙi, ozar faladiyam ta wuce dala 3,000, sa'an nan a farkon 2024 ta faɗo ƙasa da dala 1,000. Mai masana'antar da ke son tsayar da farashin maganinsa na shekara biyar ba zai ji daɗin dogara ga kaya mai irin wannan hawa da sauka ba.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa a rasit. Ran 16 ga Agusta, 2012, 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe ma'aikatan haƙar filatinam 34 a Marikana, suna cikin yajin aikin neman ƙarin albashi. A 2014 ma'aikatan mahaƙun filatinam na ƙasar suka yi yajin aiki na wata biyar.

Daɗin daɗawa, dillalin ba ya fita sarai kamar yadda ake so, yakan bar ɓurɓushinsa a cikin kaya. Ƙa'idar da hukumomin kula da magunguna na Turai da Amurka da Japan suka amince da ita a 2014 ta ce faladiyam ɗin da majinyaci zai haɗiya a rana kada ya wuce kashi ɗaya cikin 10,000 na giram. Tace shi har ya sauko haka wani aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Jan ƙarfe an yarda da ninki 30 na wannan adadi, baƙin ƙarfe kuwa ba ya ma cikin jerin, da yake jinin ɗan Adam kansa yana ɗauke da shi.

ABIN DA YA FARU A 1909

Masu wannan bincike suna da abin da ke ba su ƙwarin gwiwa, domin baƙin ƙarfe ya taɓa karɓe aiki daga hannun ƙarfe mai daraja. A watan Yuli na 1909, a birnin Kalsuruhe na Jamus, Fritz Haber ya nuna wa ma'aikatan kamfanin BASF yadda zai kamo naitirojin daga iska ya mai da shi amoniya, wadda ita ce uwar takin yuriya. Dillalin da ya yi amfani da shi osmiyam ne, ɗan'uwan filatinam, wanda abin da ke akwai a kasuwannin duniya duka a lokacin ba zai ishi babbar masana'anta ba.

Kamfanin ya ɗora wa Alwin Mittasch aikin nemo madadi. Kafin 1912 shi da mutanensa sun yi gwaji kimanin 6,500 a kan abubuwa wajen 2,500. Abin da ya ci nasara wata tama ce ta ƙasar Suwidin, kuma da suka bi diddigi sai suka gane cewa 'yan gauraye-gaurayen da ke cikinta ne ke ba baƙin ƙarfen ƙarfi, domin tsantsarsa ba ya daɗewa yana aiki. A 1913 aka buɗe masana'antar farko a Oppau. Har yau mafi yawan masana'antun amoniya na duniya da baƙin ƙarfe suke aiki, kuma masana sun ƙiyasta cewa abincin kusan rabin mutanen duniya ya dogara ga takin da ke fitowa daga wannan hanya.

HALIN BAƘIN ƘARFE

To, me ya hana a yi wa fosfaras abin da aka yi wa naitirojin tun tuni? Amsar tana cikin halin ƙarafan. Kowane ƙulli tsakanin ƙwayoyin zarra biyu an yi shi ne da ƙananan ƙwayoyin lantarki guda biyu, waɗanda ake kira ilektaron. Faladiyam da rodiyam bibbiyu suke bayarwa, bibbiyu suke karɓa, saboda haka duk ƙullin da suka kwance ko suka ƙulla yakan fita daidai. Baƙin ƙarfe da kobal da 'yan'uwansu sau da yawa ɗai-ɗai suke bayarwa. Sai a sami ɓallin sinadari mai ilektaron guda marar abokin zama, ya afka wa duk abin da ya tarar, a ƙarshe a sami kaya iri uku ko huɗu a tukunya maimakon ɗaya.

Bayan wannan, abin da ke sa fartanya tsatsa idan ta kwana a raɓa shi ne ke kashe yawancin dillalan baƙin ƙarfe idan suka sha iska ko danshi. Sa'an nan fosfaras kansa yana da son maƙale wa ƙarfe, har kayan da aka ƙulla yakan riƙe dillalin ya hana shi tafiya ciniki na gaba.

Dabarar da masana suka samo ita ce su kewaye ƙwayar ƙarfen da waɗansu sinadarai da ke zame masa linzami, su tsare shi daga iska, su kuma hana shi bin hanyar da ba a so. Abin sha'awa shi ne mafi shaharar linzaman nan su ma 'yan gidan fosfaras ne. A 2018 Paul Chirik na Jami'ar Princeton a Amurka tare da masanan kamfanin Merck suka sa wa kobal irin wannan linzami, ya yi aikin da aka saba ba rodiyam wajen harhaɗa wani maganin farfaɗiya. Ke nan duk wanda ya sauƙaƙa yin sinadaran fosfaras ya sauƙaƙa horar da ƙarafa masu araha domin waɗansu ayyukan.

Halittu kuwa sun riga kowa. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a ƙulluttan saiwar gyada da wake suna kamo naitirojin daga iska da taimakon baƙin ƙarfe da molibdinam, ba tare da tanderu ba. Maganin nan fosfomaisin da ake ba masu ciwon mafitsara, wanda aka ba da labarin gano shi a 1969, wata ƙwayar halitta ce ta cikin turɓaya ke yin sa. Yana da ƙullin fosfaras da kabon, kuma cikin matakan yin sa akwai wanda ke bukatar kobal, akwai wanda ke bukatar baƙin ƙarfe.

NASARORIN DA AKA SAMU

Tarihi ya nuna cewa ƙarfe mai araha ne ma ya riga faladiyam shiga wannan fage. A 1970, shekara 10 kafin aikin Hirao, Peter Tavs ya nuna cewa gishirin nikel yana ƙulla fosfaras da kabon mai siffar zobe, sai dai yana bukatar zafin da ya kai digiri 150 ko fiye, wanda sinadarai masu laushi ba sa jurewa.

A fagen masana'antu, kamfanin Monsanto, wanda ma'aikacinsa John Franz ya gano amfanin gilaifoset a 1970 aka kuma fara sayar da shi a 1974, ya sami lambar yabo ta gwamnatin Amurka a 1996 saboda ya sauya wani mataki na yin maganin. Dā sai an yi amfani da gubar sayanayid, kuma kowane kilo bakwai na kaya yakan bar shara har kilo guda. Da aka sa jan ƙarfe ya zama dillali sai aka rabu da gubar da sharar gaba ɗaya. Ba ƙullin fosfaras jan ƙarfen ya yi a wannan mataki ba, sashen da za a ƙulla wa fosfaras ɗin ya gina, amma ya tabbatar da cewa ƙarfe mai araha yana iya ɗaukar aikin ton dubbai.

Game da ƙullin kansa, a 2012 Hiroshi Nakazawa da abokan aikinsa a birnin Osaka suka sa baƙin ƙarfe ya ƙulla fosfaras biyu lokaci guda a jikin sinadari ɗaya, abin da ya ba da irin linzaman da aka ambata a baya. A 2013 ƙungiyar Annie-Claude Gaumont a birnin Caen na Faransa ta nuna cewa gishirin baƙin ƙarfe iri biyu, waɗanda ake samu a kowane ɗakin gwaje-gwaje, ɗaya yana sa fosfaras a wannan gefe na sinadari, ɗayan kuma a wancan gefe, watau mai aiki yana da zaɓi. A 2014 Ruth Webster, a lokacin tana Jami'ar Bath a Ingila, ta samo dillalin baƙin ƙarfe mai sauƙin haɗawa wanda ke aiki a zafin ɗaki ba tare da an hura masa wuta ba. A 2020 kuma Rory Waterman na Jami'ar Vermont a Amurka da ɗalibinsa suka ɗauki wani sinadarin jan ƙarfe da ake sayarwa a kwalba, wanda iska ba ta ɓata shi, suka haska masa fitila, ya ƙare waɗansu ayyukan cikin 'yan mintoci.

DA SAURAN RINA A KABA

Duk da haka masanan da kansu suna jan kunnen juna. A 2009 Carsten Bolm na Jamus da Stephen Buchwald na Amurka suka sake duba waɗansu ayyukan ƙulla kabon da naitirojin da oksijin da aka ce gishirin baƙin ƙarfe ne ya yi. Sai suka tarar cewa gishirin da aka tace sosai ba ya aikin kirki, wanda ba a tace ba ne ke yi, kuma ɗan ɓurɓushin jan ƙarfe da ke ɓoye a ciki shi ne dillalin gaskiya. Tun daga nan duk wanda ya zo da labarin nasara sai an tambaye shi tsabtar kayan aikinsa.

Kuma yawan ƙarfe a ƙasa ba ya wanke shi daga laifi. A ƙa'idar magunguna ta 2014, kobal ɗin da aka yarda majinyaci ya haɗiya rabin na faladiyam ne kawai. Kimanin kashi 70 cikin 100 na kobal daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, inda aka sha samun yara ƙanana a ramukan haƙa, fiye da rabin nikel kuma daga Indunusiya. Shi ya sa hankali ya fi karkata ga baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da manganis.

Akwai kuma lissafin mai masana'anta. Idan faladiyam kaɗan zai yi aikin da sai an zuba ninki 50 na dillalin baƙin ƙarfe, kuma linzamin da aka sa wa baƙin ƙarfen ya fi ƙarfen kansa tsada nesa ba kusa ba, to arahar ta zama ta baka. Ga shi kuma faladiyam akan tsamo shi daga shara a sake sarrafa shi. Mafi yawan nasarorin da aka lissafa a sama a cikin ƙananan kwalabe aka yi su, da giram ɗaya ko biyu, kuma tsakanin kwalba da tankin masana'anta akwai tafiya mai nisa.

Babbar matsalar kuma tana can tushe. Sinadaran fosfaras da ake ba dillalan nan su ƙulla, kusan dukansu daga farin fosfaras suka fito, ta tanderun nan mai cin lantarki. A 2018 Christopher Cummins da ɗalibinsa a Cibiyar Fasaha ta Masacusets a Amurka suka nuna hanyar tashi daga asid ɗin fosfaras da masu yin taki ke samarwa a isa ga ƙullin fosfaras da kabon ba tare da an bi ta farin fosfaras ba. Idan irin wannan hanya ta haɗu da dillali mai araha, to ƙasar da ke da masana'antar taki ta sami ƙofar shiga sana'ar da ƙasashe huɗu suka riƙe.

RABON AFIRKA

Ko wace hanya ce ta ci nasara, ɗanyen kayanta yana Afirka. Kimanin kashi 70 cikin 100 na arzikin fosfet da aka tabbatar a duniya yana hannun Maroko, ana kuma haƙarsa a Masar da Tunisiya da Senegal da Togo. Akwai shi a yankin Sakkwato da kuma Tawa a Jamhuriyar Nijar. Filatinam na Afirka ta Kudu ne, jan ƙarfe na Zambiya da Kwango, manganis na Afirka ta Kudu da Gabon da Gana. Amma a cikin ƙasashe huɗun nan masu yin farin fosfaras babu ta Afirka ko ɗaya. Nijeriya ta buɗe masana'antar takin sufa a Kaduna a 1976, ta kuma ƙulla yarjejeniyar sayen fosfet da Maroko a 2016, amma duk a matakin taki aka tsaya. Sinadarin maganin ciyawa mafi yawansa daga Sin ake kawo shi, ƙwayoyin tenofobir kuma mafi yawansu daga Indiya, da kuɗin waje.

Sauya ƙarfe mai tsada da mai araha yana rage wani shinge guda ga jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, domin kuɗin da zai sayi giram guda na gishirin faladiyam zai sayi kwalba cike da gishirin baƙin ƙarfe. Sauran shingayen suna nan. Aikin yana bukatar akwatunan da aka fitar wa iska domin sinadarai masu kama wuta, da na'urar maganaɗisu mai nuna inda fosfaras ya zauna a cikin sinadari, da lantarkin da ba ya yankewa, da malamin da za a bari ya yi shekaru a kan tambaya ɗaya. Mittasch ya gwada abubuwa 2,500 kafin ya tsayar da guda, kuma kamfaninsa ya biya kuɗin kowane gwaji, har da dubban da ba su ba da kome ba.